Tirefil ɗaya ko karo ɗaya: wane tsarin buɗe kira ya dace da ku a wasan birij?

Wanda ya baro teburin belot ya fara koyon birij, abin da ke fara ɗaure masa kai shi ne ya ji mutum ya buɗe kira da tirefil, a ƙarshe a ga tirefil uku kacal ke hannunsa, su ma 8 da 5 da 2. A belot ba a haka. In ka ɗauki launi, to kana riƙe da bale ko tara ko as ɗinsa, in ba haka ba abokinka zai yi ta hararar ka har a tashi daga fada. A birij kuwa, "tirefil ɗaya" da "karo ɗaya" sau da yawa sanarwa ce kawai: ina da ƙarfin buɗewa, ba ni da kati 5 a ker ko pik, kuma hannuna bai dace da san-atu ɗaya ba. Abin da mutum biyu za su daidaita kafin su zauna wasa tare shi ne, kati nawa ne mafi ƙaranci da kowanne daga cikin kiran nan biyu ya tabbatar. Amsoshi uku ne suka fi yawo a duniya, kuma ɗan Damagaram mai wasa ta waya yana iya cin karo da dukansu a dare ɗaya.

Tushen maganar yana cikin lissafin maki, wanda Harold Vanderbilt na Amurka ya tsara a 1925. Zagaye 6 na farko ba a ƙirga su, daga na 7 ake fara lissafi da lambar kira: zagaye ɗaya na tirefil ko karo maki 20 ne, na ker ko pik 30, na san-atu kuma 40 a farko sannan 30. Manshi, wato kiran da ke kawo babban ƙarin maki, na bukatar 100. Ke nan da san-atu zagaye 9 cikin 13 sun wadatar, da ker ko pik 10, amma da ƙaramin launi, wato tirefil ko karo, sai an ci 11. Tirefil biyar da aka cika yana ba da 400 in kuna kore, 600 in kuna ja (ja shi ne yanayin da lada da asara suka fi yawa, kore kuma akasinsa), daidai da san-atu uku, alhali san-atu uku da rarar zagaye guda ya kai 430 ko 630. A gasar bibbiyu, inda ake auna sakamakonka da na sauran tebura, wannan 30 ɗin ita ce tsakanin na sama da na ƙasa. Shi ya sa mai buɗewa da ƙaramin launi idonsa yawanci a wani wuri yake: ko a samo haɗuwar kati 8 a babban launi, wato ker ko pik, ko a sauka a san-atu.

Na farko cikin ukun shi ne tsarin da za ka tarar a kusan duk darasin da aka rubuta da Faransanci, wanda suke kira meilleure mineure. Yana tafiya da babban launi mai kati 5, salon da Pierre Jaïs da Michel Lebel suka yaɗa a Faransa a shekarun 1970, kuma shi ne ginshiƙin SEF, tsarin koyarwa na hukumar birij ta Faransa. SAYC, tsarin gama-gari na Amurka, ma a wannan fanni haka yake. Ƙa'idarsa ba ta da yawa. Ka buɗe da ƙaramin launin da ya fi tsawo. In 5 da 5 ne ko 4 da 4, karo. In 3 da 3 ne, tirefil. San-atu ɗaya na mai maki 15 zuwa 17 ne, san-atu biyu na mai 20 zuwa 21, saboda haka madaidaicin hannu (wanda tsawon launukansa ya yi kusa da juna) mai 12 zuwa 14 da mai 18 zuwa 19 duk ta ƙaramin launi suke shigowa, sai a kira na biyu su bayyana kansu. Makin da ake nufi su ne na kowa da kowa: as 4, sarki 3, dam 2, bale 1.

A wannan tsari, tirefil ɗaya da karo ɗaya duk suna iya zama kati 3. Amma ba daidai suke ba. Karo mai kati 3 yana faruwa ne a siffa guda tak: pik 4, ker 4, karo 3, tirefil 2. Ga ta, da haruffan kartar Faransa:

♠ R V 7 4  ♥ A D 6 2  ♦ R 8 3  ♣ 9 5

Maki 13, babu babban launi mai 5, bai kai san-atu ba. Ɗan SEF zai ce karo ɗaya.

Tsari na biyu, gajeren tirefil, a kan wannan hannun kaɗai ya saɓa wa na farko. Shi zai ce tirefil ɗaya da 9 da 5 ɗin nan, don ya tsare wa karo mutuncinsa: duk wanda ya ce karo ɗaya yana da 4 ko fiye, babu togaciya. Iyakar bambancin ke nan, amma sai ka ji an kwana ana musu a kai.

Lissafi zai rage zafin musun. Siffar 4-4-3-2 ita ce ta fi kowace yawa a birij, kashi 21.55 cikin 100 na hannuwa. Sai dai tana da jeri 12, kuma ɗaya ne kawai a ciki yake da pik 4, ker 4, karo 3, tirefil 2. Wato kashi 1.8 cikin 100, kusan hannu 1 cikin 56. A cikinsu ma sai wanda makinsa ya faɗa 12 zuwa 14 ko 18 zuwa 19, kuma waɗannan ba su kai kashi ɗaya bisa huɗu na hannuwa ba. In ka haɗa, abin ya koma kamar hannu 1 cikin 240. Mai buga rabo 24 a zama ɗaya zai yi zama wajen goma kafin ya riƙe shi, kuma ko ya riƙe, wataƙila wani ya riga shi buɗewa. Ta ɗaya gefen kuma, in abokinka ɗan SEF ya ce karo ɗaya, kusan sau 1 cikin 20 ne zai kasance da 3.

Tirefil mai kati 3 kuwa ba baƙo ba ne. Siffa uku ke kawo shi: pik 4 da sauran uku-uku, ker 4 da sauran uku-uku, sai kuma pik 4, ker 4, karo 2, tirefil 3. Jimillarsu ta haura kashi 7 cikin 100 kaɗan, wajen ninki huɗu na karo mai 3. Tirefil ɗaya dama can motar Mirriya ce ranar kasuwa, duk wanda ya rasa wuri a nan ake cusa shi.

Kowane ɓangare da wannan lissafin yake kafa hujja. Masu gajeren tirefil suna cewa tunda dama ba a amince wa tirefil ba, ƙara masa fasinja ɗaya bai rage komai ba, karo kuma ya zama tsarkakakke. Masu tsarin Faransa suna cewa karo dama kusan tsarkakakke ne, don me za a sa tirefil ya faɗo zuwa kati 2 saboda hannun da ba ya zuwa sai jefi-jefi? Ni dai ina ganin masu tsarin Faransa sun ɗan fi gaskiya, saboda wani dalili da ba kowa ke lura da shi ba: karo mai kati 3 yana tona asirin kansa da wuri. Mai shi yana da 4 a ker da 4 a pik. In ka amsa ker ɗaya, zai goya maka baya nan take. In ka amsa pik ɗaya, haka. Saboda haka duk lokacin da aka yi karo ɗaya, ker ɗaya, san-atu ɗaya, ko karo ɗaya, pik ɗaya, san-atu ɗaya, ka tabbata karonsa 4 ne ko fiye, kuma kana iya komawa karo biyu da kati 4 hankalinka kwance. Shakkar da gajeren tirefil ya zo ya kawar, yawanci kafin kira na uku ta riga ta kau da kanta.

Inda ba ta kauwa shi ne inda abokan hamayya suka shigo, kuma a nan ne ribar gajeren tirefil take. A ce abokinka ya buɗe karo ɗaya, na damanka ya ce pik ɗaya, kai kuma kana da:

♠ 8 2  ♥ 9 6 3  ♦ D V 7 4  ♣ A 8 5 2

Maki 7. Ba ka da ker 4 da za ka yi kontir na neman launi, wanda Faransawa ke kira Spoutnik, dabarar da Alvin Roth da Tobias Stone suka fito da ita a 1957. Ba ka da abin tare pik, don haka san-atu ɗaya ba naka ba ne. Karo biyu ne kiranka. In na hagunka ya ɗaga zuwa pik biyu aka dawo gare ka, za ka je karo uku? Da abokin da ya yi alkawarin 4, ka san kuna da aƙalla 8, kuma barin su su buga pik biyu su kwashi 110 ba riba ba ce. Da ɗan SEF akwai ɗan ɗar-ɗar, ko da yake in ka ƙirga, tunda su biyun sun nuna pik 8 kai kana da 2, abokinka ba zai riƙe 4 ba, ke nan karonsa 4 ne ko fiye. Ka ga ko a nan mai ƙirga ya fita. Amma ba kowa ke ƙirga da ƙarfe goma sha ɗaya na dare bayan shayi na uku ba, kuma in ker suka shigo da shi ba tare da sun ɗaga ba, ko suka yi tsalle zuwa mataki na uku kai tsaye, alkawarin kati 4 yana sa ka yanke shawara da sauri.

Akwai wata riba ƙarama. Mai pik 4, ker 4, karo 3, tirefil 2 da maki 12 in ya buɗe karo ɗaya aka amsa masa tirefil biyu, ya shiga matsi: ba zai maimaita karo mai kati 3 ba, ba shi da tirefil na goyon baya, sai dai san-atu biyu ko wani kira da aka yi yarjejeniya a kai. In tirefil ɗaya ya buɗe, duk amsar da ta zo yana da ta cewa.

Kuɗin da ake biya kuma yana gefen tirefil. Abokinka mai maki 3 ko 4 zai ce fas, domin amsa na bukatar 5 ko 6, kuma in abokan hamayya suka yi shiru sai ka samu kanka kana buga tirefil ɗaya da atu 2 a hannu. In kuna ja, kowane zagayen da ya kuɓuce 100 ne. Ba kullum ba ne, amma ranar da ta faru ba a mantawa. Goyon baya ma sai an yi taka-tsantsan: ko a tsarin Faransa ana son kati 5 kafin a ɗaga tirefil, to a nan 5 ɗin ma suna iya haɗuwa da 2. Sannan katin farko: in abokan hamayya suka saye kiran, abokinka zai so ya fito da launin da ka ambata, sai ya fito da tirefil daga ƙarƙashin sarki ya tarar da 9 da 5. Bayan haka, a wurare da yawa dole ne ka sanar da abokan hamayya cewa tirefil ɗinka na iya zama 2. A intanet wannan na nufin rubuta bayani a kan kiran kowane lokaci, kuma mai wasa da ƙaramar waya, rezo yana zuwa yana ɗaukewa, ya san ba ƙaramin aiki ba ne.

Wasu ƙwararru, musamman a Turai, sun tura wannan tunani har ƙarshe: duk madaidaicin hannu da bai dace da san-atu ba tirefil ɗaya yake buɗewa, ko da karonsa 4 ne, karo ɗaya kuma ya zama na hannu mai tsawo ko mai kati tilo a wani launi. Suna haɗa shi da amsoshin miƙa kira, inda karo ɗaya ke nufin ker, ker ɗaya ke nufin pik. Yana da kyau ƙwarai a hannun masu shi. Ba na ba wanda bai shekara yana wasa da aboki ɗaya ba shawarar ya taɓa shi.

Kafin a je tsari na uku, akwai matsalolin da biyun farko duka ba su warware ba, kuma a ganina su suka fi cancantar lokacinku fiye da musun hannu 1 cikin 240.

Ta farko, kira na biyu. Dubi wannan:

♠ 5  ♥ R 8 3  ♦ A D 9 4  ♣ R V 7 6 2

Maki 13. Ƙa'ida ta ce tirefil, tunda shi ya fi tsawo. Abokinka ya ce pik ɗaya, wanda shi ne abin da ya fi yiwuwa tunda kai pik ɗaya gare ka. Yanzu fa? Karo biyu ya haye kan tirefil biyu, yana tilasta abokinka zuwa mataki na uku in yana son komawa launinka na farko, don haka ana ware shi ga mai maki 17 ko 18 zuwa sama. San-atu ɗaya da pik tilo ƙarya ce ga siffar hannu, abokinka mai pik 5 zai koma pik biyu ya tarar da ɗan kati guda. Tirefil biyu yana nuna kamar kana da 6. Wasu, musamman a Amurka, suna guje wa wannan ta hanyar buɗe karo ɗaya sannan tirefil biyu, amma sai abokin ya zaci karo ya fi tsawo ya mayar da kai can da kati 2, ku buga atu 6. Babu mafita mai tsabta. Ni na fi son tirefil ɗaya sannan tirefil biyu in launin yana da ƙwari kamar wannan, in kuma tirefil ɗin rago ne karon kuma A R D ne, sai in karkata ga karo. Abin da ya wajaba shi ne ku biyun ku san wace ƙaryar kuka yarda a yi.

Ta biyu, amsa ga tirefil ɗaya da hannu mara ƙarfi:

♠ R 9 6 3  ♥ 7 2  ♦ D 8 6 5 4  ♣ V 3

Tsohon salo ya ce karo ɗaya, launi mafi tsawo. Salon Walsh, mai sunan Richard Walsh na Amurka, wanda ƴan wasan Faransa da yawa ke bi, ya ce pik ɗaya: da maki 6 kira ɗaya gare ka, kashe shi a kan babban launi kafin na hagunka ya ce ker biyu ya rufe ƙofa. Wannan yana canza kiran mai buɗewa ma, domin bayan tirefil ɗaya, karo ɗaya, mai madaidaicin hannu zai tsallake babban launinsa mai 4 ya ce san-atu ɗaya. In ɗayanku yana bin Walsh ɗayan bai sani ba, haɗuwar pik 4 da 4 za ta riƙa ɓace muku, kuna zargin sa'a.

Ta uku, ɗaga ƙaramin launi. A tsohuwar hanya, karo ɗaya karo biyu rauni ne, karo ɗaya karo uku gayyata ce. Edgar Kaplan da Alfred Sheinwold sun juya su: biyu ya zama mai ƙarfi, maki 10 zuwa sama, ba a fas a kansa, uku kuma ya zama na rago mai dogon atu don toshe wa abokan hamayya hanya. Hikimar ita ce mai ƙarfi yana bukatar fili don a binciki san-atu uku launi bayan launi. Wannan juyin ya fi daɗi da gajeren tirefil a ɓangaren karo, tunda tsalle zuwa uku da hannu mara ƙarfi yana son tabbacin yawan atu. Kuskuren fahimta a nan kuwa shi ne ya fi tsada a dukan abin da na lissafa: mutum ya ce fas a karo biyu alhali abokinsa na riƙe da maki 14.

Tsari na uku ya bar wannan muhawara gaba ɗaya. A tirefil mai ƙarfi, tirefil ɗaya ba ya cewa komai game da tirefil, cewa yake ina da maki 16 ko fiye. Vanderbilt da kansa ya yi irin wannan tsari, ƙungiyar Italiya da ta mamaye gasar duniya daga 1957 ta yi amfani da nau'o'insa, amma wanda ya fi shahara shi ne Precision na C. C. Wei. Da shi ƙungiyar Taiwan, wadda ba a sa ta a lissafi ba, ta zo ta biyu a gasar duniya ta Bermuda Bowl ta 1969, ta kuma maimaita a 1970. Jeff Meckstroth da Eric Rodwell na Amurka sun ci kofunan duniya da nasu nau'in. Amsar karo ɗaya ga wannan tirefil tana nufin maki 0 zuwa 7, sauran amsoshi kuma 8 zuwa sama, wanda ke nufin an doshi manshi tun kira na biyu.

Alherinsa na gaske ba a tirefil ɗin yake ba, yana a sauran kiran. Karo ɗaya, ker ɗaya da pik ɗaya duk sun tsaya tsakanin 11 da 15. A SEF, buɗewa a mataki na ɗaya na iya zama 12, na iya haura 20, shi ya sa mai amsa dole ya lallaɓa ko da maki 6. A Precision ya san iyakar abokinsa tun farko, yana iya fas da wuri, yana iya tsalle zuwa manshi ba tare da ya ba abokan hamayya labari ba. Ga kuma hannu irin wannan:

♠ A R 5  ♥ 4  ♦ A D V 8 6 3  ♣ R D 2

Maki 19. Ɗan SEF zai ce karo ɗaya yana fatan kada abokinsa ya yi fas da sarkin karo da wani ɗan abu. Ɗan Precision zai ce tirefil ɗaya, ya san za a amsa masa. Amma juya teburin. Ka ce tirefil ɗaya, na hagunka ya ce ker ɗaya, abokinka ya yi fas, na damanka ya ce ker uku. Kira ya dawo gare ka a mataki na huɗu in karo kake so, kuma har yanzu ba ka ambaci launinka ba. Wanda ya buɗe karo ɗaya ya riga ya faɗi rabin labarinsa, yanzu kontir kawai zai yi ya cika sauran. Gogaggun ƴan wasa sun san wannan rauni, shi ya sa da sun ji tirefil mai ƙarfi suke shigowa da ɗan abin da suke da shi, musamman in suna kore.

Sauran kuɗin kuma ƙananan launuka ne ke biya. Mai dogon tirefil da maki 11 zuwa 15 dole ya buɗe tirefil biyu, ya cinye wa kansa fili. Karo ɗaya ya gaji duk tarkacen da tirefil ya saba ɗauka: a asalin tsarin kati 4 ne, amma a nau'o'in zamani da yawa yana iya zama 2. Karo biyu kuma an ware shi ga hannu mai launi uku da ba shi da karo ko yake da guda. Wato in abin da ya dame ka tun farko shi ne ƙaramin launi da ba ya nufin abin da ya ce, Precision bai warkar da kai ba, ya dai matsar da ciwon daga tirefil zuwa karo.

Mai karanta darussan Ingila, ko mai abokan wasa da suka koya ta can, zai ji labarin Acol, wanda aka haifa a Landan a shekarun 1930. A can babban launi kati 4 ya isa, san-atu ɗaya 12 zuwa 14 ne, don haka ƙaramin launi yawanci 4 ne na gaskiya. Shi ne mafi kusa da hankalin ɗan belot. Sai dai ɗaukarsa na nufin sauya gidan duka, kuma ba shi za ka fi samu a teburan masu Faransanci ba.

To wanne za a ɗauka? Ya danganta da wanda ke zaune a gabanka. Masu birij a Damagaram ba su da yawa, in ka kwatanta da masu belot da ke kowace kusurwa daga Birni zuwa Zengo da Sabon Gari. Wanda ya kamu da son wasan, ɗalibi ne a Jami'ar André Salifou ko ma'aikacin da ya koyo shi a wani gari, yawancin wasansa a waya zai yi shi, a Bridge Base Online ko Funbridge, da na'ura ko da baƙon da bai taɓa gani ba kuma ba zai sake gani ba. Irin wannan mutum ya riƙe tsarin Faransa. In ka rubuta SEF ko SAYC a bayaninka, baƙo daga Dakar ko Liyon ko Alƙahira ya san me karo ɗayanka ke nufi ba tare da an yi magana ba, kuma darussan da za ka samu da Faransanci duk a kansa aka gina su. Ribar gajeren tirefil ba ta kai asarar rashin fahimta guda ɗaya da baƙo ba.

In kuwa kana da aboki tsayayye, ku huɗu kuna haɗuwa bayan sallar isha'i ana rubuta maki a takarda ba kuɗi a tsakani, to gajeren tirefil zaɓi ne mai kyau, da sharaɗin kun riga kun daidaita Walsh, da ɗagawar da aka juya, da abin da za a yi da karo 4 da tirefil 5. In ba ku daidaita waɗannan ba, sauya hannu 1 cikin 240 ba zai motsa sakamakonku ba. Precision kuma na mutum biyu ne masu son haddace shafuka, masu yarda su sha kashi na ɗan lokaci kafin ya zauna musu. In ɗayanku ne kawai ke ɗoki, ɗayan yana bi don kunya, ku bar shi. Kuma ku tuna sauran biyun da ke teburin: in su ma masu koyo ne, tirefil ɗin da ba tirefil ba zai rikita musu karatu.

Akwai wuri ɗaya da nake karya ƙa'idar 3 da 3 ko da wane tsari ake bi cikin biyun farko, in dai abokina ya san da haka:

♠ D 7 4 2  ♥ V 6 3  ♦ A R D  ♣ 8 5 2

A kujera ta farko ko ta biyu, tirefil ɗaya, ba gardama, domin abokina bai yi magana ba tukuna, wataƙila hannun namu ne, kuma yana bukatar ya dogara da tsawon karo. A kujera ta uku, bayan abokina ya yi fas, da maki 12 manshi ya yi nisa, kuma akwai yiwuwar na huɗu ne mai ƙarfin teburin. In su za su buga, so nake abokina ya fito da karo, ba tirefil ba. A nan karo ɗaya nake cewa, in ya amsa ker ɗaya ko san-atu ɗaya in yi fas, in pik ɗaya ya ce kuma suka shigo, ina da kati 4 na raka shi zuwa pik biyu.